Jarabar aiki: Yadda ake auna ta, da abin lura kafin a kawo ma'aunin Kankia da Kusada

Jarabar aiki ita ce halin da mutum ke kasa kame kansa daga aiki ko da ba a tilasta masa ba, har abin ya taɓa lafiyarsa da iyalinsa. Wani malami ɗan Amurka, Wayne Oates, ne ya yayata batun a littafinsa na 1971, inda ya kamanta ta da jarabar giya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya ta cikin jerin cututtuka ba, saboda haka masu bincike sun dogara ne da takardun tambayoyi wajen gano ta.

Ma'aunan da aka fi sani

Ma'aunin Bergen, wanda Cecilie Andreassen da abokan aikinta suka fitar a ƙasar Norwe a 2012, yana da tambayoyi bakwai. Daga ciki ana tambayar ko mutum yana aiki don ya rage damuwa, ko hankalinsa na tashi idan an hana shi aiki, ko kuma an sha ba shi shawarar ya sassauta ya ƙi ji. Wanda ya amsa da "sau da yawa" ko "kullum" a tambayoyi huɗu, ana ɗaukarsa mai alamun jarabar. Akwai kuma ma'aunin DUWAS na ƙasar Holan, wanda gajerensa ke da tambayoyi 10, yana auna abu biyu: yawan aiki, da matsin da ke tasowa daga zuciyar mutum.

Yadda ake tantance ma'auni

Fassara kaɗai ba ta wadatar. Mafassara biyu kan mayar da tambayoyin zuwa Hausa, wasu daban su sake mayar da su Turanci don a ga inda ma'ana ta kauce. Sai a gwada su a kan mutane kaɗan, a tambaye su abin da suka fahimta. Daga nan a raba wa jama'a masu yawa, a lissafa ko tambayoyin abu guda suke aunawa, sannan a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Irin wannan hanya masana gashin ƙashi a Kano suka bi wajen samar da ma'aunin ciwon baya na Oswestry da Hausa a 2019.

Inda gizo ke saƙa a Kankia da Kusada

A waɗannan ƙananan hukumomi, ma'aikacin gwamnati kan tashi daga ofis ya wuce gona da damina, ko ya buɗe shago da yamma, domin albashin ba ya kaiwa ƙarshen wata. Jami'ar lafiya da ta kwana a bakin aiki saboda babu mai karɓarta za ta amsa cewa tana wuce lokacin da ta tsara, kuma aikin na cutar da ita. Ma'aunin da ba a daidaita da wannan yanayi ba zai rubuta ta a matsayin mai jaraba, alhali ƙarancin ma'aikata ne matsalar. Ta haka laifi ke tashi daga kan hukuma ya koma kan ma'aikaci.

Illar kuwa ba ta tambayar dalili. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya nuna cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Saboda haka duk binciken da za a yi a nan, ko na ɗaliban Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankia ne ko na gwamnatin jiha, ya kamata ya haɗa da sa'o'in aiki, yawan ma'aikata a wurin, da sana'o'in da mutum ke yi bayan tashi. Da waɗannan ne za a bambance mai buƙatar shawarar likita da mai buƙatar a ɗauko masa abokin aiki.