Daga Ɗigo Zuwa Maɓalli: Tarihin Yadda Aka Gina Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta wayar salula ya san maɓallin nan da ake dannawa a ƙarshe. Yana da launi, kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, kuma da yatsa ya sauka a kansa sai ya ɗan sauya kama. Amma a cikin na'urar babu wani abu da ake kira maɓalli. Abin da ke kan allon ɗigon haske ne dubbai, kuma umarnin da na'urar zane ke fahimta bai wuce 'yan kaɗan ba: ja layi, cike murabba'i, zana da'ira, kwafi wannan yanki zuwa can. Daga waɗannan aka gina tagogi da jerin zaɓi da akwatin rubutu, kuma aikin ya ci shekaru sama da ashirin kafin ya kankama.

A shekarar 1963, wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar Sketchpad. Mutum yakan riƙe alƙalamin haske ya yi zane kai tsaye a allon kwamfutar TX-2. Muhimmin abin da ya zo da shi shi ne a zana siffa guda a matsayin uwa, a riƙa fitar da kwafinta. Idan aka gyara uwar, duk 'ya'yan sai su gyaru. Kusan duk maɓallan yau a kan wannan tunani suke tafiya: tsari ɗaya, kwafi barkatai.

Sai dai allunan wancan zamani ba su da ɗigo-ɗigo. Haske ne ke bin layin da aka umarce shi, yana maimaitawa kafin ya dushe, kuma idan zanen ya yi yawa sai allon ya dinga ƙyaftawa. Cike fili da launi kuwa abu ne mai wuya. Sauyi ya zo ne daga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Allonta na da ɗigo 606 a faɗi da 808 a tsawo, kowane ɗigo da gurbinsa a ma'adanar na'ura: ɗaya baƙi, sifili fari. Wannan tsari ya lashe kusan rabin ma'adanar Alto, a lokacin da ma'adana ke da tsadar gaske. Ribarsa ita ce zane ya koma rubuta lambobi kawai. Duk abin da aka iya lissafawa, ana iya nuna shi.

A 1975 Dan Ingalls, ɗaya daga cikin masu gina harshen Smalltalk a cibiyar, ya rubuta umarnin da aka sa wa suna BitBlt. Aikinsa guda ne: ya ɗauki murabba'in ɗigo daga wani wuri ya ɗora a wani, bisa ƙa'idar da aka zaɓa, ko ya shafe abin da ya tarar, ko ya haɗu da shi, ko ya juya baƙi ya koma fari. Da shi ake rubutu, domin kowane harafi ƙaramin hoto ne da ake kwafowa daga jerin haruffa. Da shi ake tura shafi sama, ta hanyar kwafe allon zuwa 'yan layuka gaba. Jerin zaɓin da ke ɓullowa ya ɓace ma haka ne: a adana abin da ke ƙarƙashi, a zana jerin, mutum ya zaɓa, a mayar da abin da aka adana.

A Disambar 1979 Steve Jobs da injiniyoyin Apple suka ziyarci cibiyar. Cikinsu akwai Bill Atkinson, wanda ya koma da yaƙinin cewa ya ga manhaja tana zane a tagar da wata ta rufe wa rabi, ba tare da ta ɓata ta saman ba. Tsarin Xerox na lokacin bai kai haka ba, amma tun da ya ɗauka wasu sun riga sun yi, sai ya dage har ya samo hanya. Dabarar tasa ita ce a bayyana kowane yanki, komai karkacewarsa, ta hanyar adana layukan da iyakarsa ke sauyawa kaɗai. Kowace taga tana da bayanin ɓangarenta da ido ke gani, kuma duk zanen da ya fita daga nan sai a datse shi. Wannan ne ƙashin bayan tarin umarnin zane da daga baya aka kira QuickDraw.

Da'ira ma sai da ta sha dabara. Na'urar Motorola 68000 da Apple ya zaɓa ba ta da sashen lissafin adadi mai gutsure, don haka neman tushen lamba yana cin lokaci. Atkinson ya dogara da wata tsohuwar ƙa'ida: idan aka tara lambobin mara a jere, amsar kullum lamba ce da aka ninka da kanta. 1 da 3 sun ba da 4, a ƙara 5 a sami 9, a ƙara 7 a sami 16. Da tarawa kaɗai sai ga da'ira tana fitowa cikin hanzari. Andy Hertzfeld, abokin aikinsa, ya ba da labarin cewa a watan Mayun 1981, da Atkinson ya nuna wannan nasara, Jobs ya nemi a ƙara murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi. Atkinson ya ga babu buƙata. Jobs ya fita da shi zagaye yana nuna masa irin wannan siffa a ko'ina, har da allon hana ajiye mota. Washegari Atkinson ya dawo da umarnin a shirye. Da Macintosh ta fito a ranar 24 ga Janairu, 1984, da allo mai ɗigo 512 a faɗi da 342 a tsawo, maɓallanta da wannan siffa suka zo.

To amma siffa kaɗai ba ta zama maɓalli. Manhaja tana zaune ne tana jiran saƙo. Idan aka danna linzamin kwamfuta, saƙon da ke iso mata lambobi biyu ne da ke nuna wurin da aka danna. Sai ta duba ko wurin ya faɗa cikin murabba'in wani maɓalli. Idan ya faɗa, sai ta juya launinsa, ta ci gaba da bin linzamin. Idan mutum ya janye zuwa waje kafin ya saki, launin sai ya koma yadda yake, kuma ba a aikata komai ba. Sai ya saki a ciki ne umarnin ke tafiya. Wannan 'yar damar fasawa da gangan aka gina ta, kuma har yau tana nan a mafi yawan manhajoji. Apple ya zuba waɗannan ƙa'idoji a cikin na'urar kanta, domin kowane mai rubuta manhaja ya ɗauko maɓalli iri ɗaya, mai amfani kuma ya koya sau ɗaya.

A MIT an bi wata hanya dabam. Tsarin tagogi na X, wanda Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara a 1984, ya ba da layi da murabba'i da baka da rubutu, ya ƙi faɗin yadda maɓalli zai kasance. Bayan fitowar X11 a 1987, kowa ya gina nasa a kai: Athena, Motif, OPEN LOOK, daga baya Tk da Qt da GTK. An sami 'yanci, amma mutum kan buɗe manhajoji uku a allo ɗaya ya tarar kowace da irin nata sandar tura shafi. Wannan ja-in-ja bai ƙare ba. Harshen Java ya fara da aron maɓallan kowace na'ura, sannan a 1998 ya shigar da Swing mai zana nasa. Flutter na kamfanin Google, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a Disambar 2018, shi ma allo fari yake karɓa ya zana komai da kansa, domin manhaja ta yi kama ɗaya a Android da iPhone.

Waɗanda wannan sauyi ya fara cutarwa su ne makafi. A zamanin allon rubutu zalla, haruffan da ke kan allo suna ajiye a ma'adana a layi 25 masu gurbi 80, manhajar karantawa tana ɗaukowa ta furta su da murya. Da komai ya koma ɗigo, sai kalmar da ke kan maɓalli ta zama hoto, babu abin da za a karanta. Ma'aikatan da suka ƙware a tsohon tsari sun shiga fargabar rasa ayyukansu. A 1989 kamfanin Berkeley Systems ya fitar da outSPOKEN don Macintosh, manhajar da ke tare umarnin zane a hanya tana harhaɗa bayanin abin da ke kan allo. Aiki ne irin na mai bin sawu, kuma yakan kuskure. Sai a 1997 Microsoft ya fitar da tsarin da ke ba kowane maɓalli damar bayyana sunansa da aikinsa da halin da yake ciki.

Darasin da aka koya shi ne maɓalli yana da fuska biyu: wadda ake zanawa don ido, da wadda ake bayyanawa don kunne. Shi ya sa Flutter ke gina wani jerin bayani na daban a gefen zanensa, wanda TalkBack da VoiceOver ke karantawa. Mai rubuta manhajar da ya zana murabba'i mai kyau ya manta bai ba shi suna ba, ya yi wa masu gani maɓalli, makaho kuwa wayarsa ba za ta iya gaya masa inda zai danna ya tura kuɗinsa ba.

Atkinson ya rasu a watan Yunin 2025. Tun 2010 Apple ya amince aka saki rubutun QuickDraw ta hannun gidan adana tarihin kwamfuta da ke Mountain View, inda duk mai sha'awa zai iya karanta umarnin da ke lanƙwasa kusurwar murabba'i.