Tarihin Kiɗan Finafinan Duhu Da Baƙin Da Suka Tsara Shi

Yau zan ɗan ratse daga hirar kasuwa da muka saba, in taɓo tarihin wani kiɗa da da yawanmu muka sha ji a finafinan Turawa ba tare da mun san asalinsa ba. Ina nufin kiɗan labaran nan na kisan kai da cin amana, waɗanda kusan komai nasu cikin dare yake faruwa, kuma ba a rufe su da biki. Faransawa ne suka raɗa musu suna "noir", wato mai duhu. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai wasu finafinan Amurka birnin Paris, wani mai sharhi, Nino Frank, ya kira su da wannan suna. Da yawansu daga littattafan Dashiell Hammett da James M. Cain da Raymond Chandler aka ɗauko su.

A yau da an ambaci irin wannan labari, abin da kunne yake tunawa shi ne ƙahon Turawa guda ɗaya yana kuka a hankali, ana ruwan sama a kan titi. To amma da farko ba haka abin yake ba. A shekarun 1940 babbar ƙungiyar makaɗa ake tarawa, masu goge da ƙaho da ganguna. A fim ɗin Double Indemnity na 1944, inda wani ma'aikacin inshora ya haɗa baki da matar aure suka kashe mijinta don kuɗi, ana buɗewa da inuwar mutum yana tafe da sandunan guragu, kiɗan Miklós Rózsa yana bin takunsa da nauyi kamar ana rakiyar gawa. Tun ba a ce uffan ba mai kallo ya gane cewa ƙarshen ba zai yi kyau ba. Shi kuwa kiɗan jaz a lokacin, sai an shiga gidan rawa ake jin sa, kamar a Phantom Lady na 1944, kuma alama ce ta cewa an shigo wurin haɗari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne su waye suka yi wannan aiki. Rózsa ɗan Budapest ne, yaƙi ya kai shi Hollywood a 1940. Billy Wilder, daraktan Double Indemnity, ya gudu daga Berlin a 1933 da Hitila ya hau mulki, mahaifiyarsa kuma ba ta tsira daga hannun 'yan Nazi ba. Franz Waxman, wanda ya yi kiɗan Sunset Boulevard na 1950, sai da aka lakaɗa masa duka a titin Berlin kafin ya bar Jamus. Duk baƙi ne a Amurka. A ganina shi ya sa kiɗansu ba ya barin zuciya ta kwanta. Mu da iyayenmu suka baro gida suka kafa shago a Sabo ko Agege, mun san yadda mutum yake kasa kunne da dare a garin da ba na kakansa ba, ko da kuwa lafiya lau ake zaune.

A 1949 sai wani ɗan Ingila, Carol Reed, ya juya abin gaba ɗaya a fim ɗinsa The Third Man. Labarin a Vienna yake, babban birnin Ostiriya, bayan yaƙi ya ragargaza shi, ƙasashe huɗu kuma sun raba shi a tsakaninsu. Harry Lime yana sayar da maganin fenisilin da aka surka, yara suna mutuwa. Reed bai tara makaɗa ba. Ya ɗauko Anton Karas, wani mai kiɗa a mashaya, wanda yake kaɗa zita, wani abu mai tsirkiya da yawa da ake shimfiɗawa a kan tebur. Kiɗan mai daɗi ne, har da ɗan raha a ciki, kuma a nan tsoron yake: kana ganin mugunta, kiɗan kuma ko a jikinsa, kamar dai shi Lime ɗin da murmushinsa. A 1950 wannan kiɗa ya yi mako 11 yana kan gaba a kasuwar faifai ta Amurka.

Shi kuma ƙahon nan na kaɗaici, a Paris ya samu gindin zama. A daren 4 ga Disamba 1957, Miles Davis da makaɗa huɗu suka shiga ɗakin ɗaukar sauti, darakta Louis Malle yana haska musu sassan fim ɗinsa Ascenseur pour l'échafaud, su kuma suna busa da kaɗa abin da ya zo musu nan take, har gari ya kusa wayewa. A ciki akwai inda Jeanne Moreau take yawo a titi tana neman saurayinta, ba ta san ya maƙale a na'urar hawa bene ba bayan ya kashe mijinta. Abin da ba ta iya faɗa wa kowa, ƙahon ne yake faɗa.

Daga baya Chinatown na 1974, wanda Jerry Goldsmith ya tsara kiɗansa cikin kwana goma, da Taxi Driver na 1976, wanda Bernard Herrmann ya rasu sa'o'i kaɗan bayan kammala ɗaukar kiɗansa, suka ƙara kafa wannan salo. Har ta kai mai karanta littafin Chandler na 1939 yakan ji ƙaho a kunnensa, alhali sautin ya zo ne kusan shekara ashirin bayan an buga littafin.

Duk wanda yake son ya gane nauyin abin, ya nemi wurin yawon Jeanne Moreau ya kashe sautin ya kalla, sannan ya kunna ya sake kallo. Ina fata masu shirya finafinanmu na Hausa su ma za su gwada, domin ba kowane wurin baƙin ciki ne yake bukatar a cika shi da fiyano ba. Wani lokaci kayan kiɗa ɗaya ya wadatar, in an san inda za a sa shi. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.