Daga Tashar Jirgi zuwa Gidan Kwano: Kafuwar Jami'ar Fasaha ta Minna

Kafin a shimfiɗa layin dogo, Minna ƙauyen Gwarawa ne a bisa dutse. Mutanenta sun hau tudu ne don gudun mahara, su sauko su yi noma, su koma kafin dare. Ko da Turawa suka ci ƙasar, hankalinsu yana Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa hedikwatarsa a 1902. Babu wanda ya ɗauki Minna a bakin komai.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka fara aikin layin Baro zuwa Kano, domin kaya su zo ta kogin Kwara a jirgin ruwa, a sauke a Baro, jirgin ƙasa ya wuce da su Arewa. Layin ya bi ta gindin duwatsun Minna, ya isa Kano a 1911. Shi kuma layin Legas, da ya biyo ta Jebba da Zungeru, a nan ya zo ya haɗe da shi. Mahaɗa kuwa ba ta rasa baƙi. Hausawa 'yan ƙwadago da fatake suka sauka, Nufawa suka zo, Yarbawa da Ibo suka kama aikin akawu da kanikanci, gari ya sauko daga dutse ya kewaye tasha. Gyaɗa, auduga, doya da man kaɗanya duk a nan ake lodinsu. A Minna aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, haka nan Ben Okri a 1959, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da jirgi ya tara.

Da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni. Sai dai a lokacin harkar reluwe ta fara ja da baya, motocin titi sun karɓe lodi. Sakatariya da gidan gwamnati suna kawo albashi, amma ba sa jawo mutum daga Calabar ko Ibadan ya zo ya zauna. A ganina, jami'a ce ta gaji jirgi a wannan aikin.

Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudiri kafa jami'o'in fasaha guda 7: Bauchi, Makurɗi, Owerri, Akure, Yola, Abeokuta da Minna. Ta Minna ta kafu ranar 1 ga Fabrairu, 1983, da Farfesa J. O. Ndagi a matsayin shugabanta na farko. Ba ta da ko ɗaki ɗaya na kanta. Harabar Kwalejin Horon Malamai ta Bosso aka ba ta, kuma duk wanda ya shiga Bosso a yau zai gane haka daga ƙananan azuzuwan nan masu doguwar baranda, waɗanda aka gina don koyar da malaman firamare, aka mayar da su ɗakunan gwaji da ofisoshin farfesoshi.

Ko shekara ba ta cika ba soja suka kifar da gwamnatin da ta haife ta. Kuɗin mai ya yi ƙasa, kuma a 1984 gwamnatin Janar Buhari ta haɗe huɗu daga cikin sababbin jami'o'in da tsofaffi: Bauchi ta koma ƙarƙashin Ahmadu Bello, Makurɗi ƙarƙashin Jos, Yola ƙarƙashin Maiduguri, Abeokuta ƙarƙashin Legas. Sai a 1988 suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Minna tana cikin ukun da suka tsira, alhali tana cikin ƙanana a shekaru. Ndagi ya riƙe ta har 1990, kuma waɗannan shekaru bakwai na ƙaranci, na koyar da injiniya a gidan aro, sun cancanci a riƙa tuna su fiye da yadda ake yi.

A 1992 Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin, ya ɗora harsashin matsuguni na dindindin a Gidan Kwano, kan hanyar Bida, a fili mai faɗin hekta 10,650. Ɗora harsashi daban, tarewa daban. An shafe fiye da shekara goma kafin hukumar jami'a ta tattara ta koma can, a zamanin Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, masanin zanen gine-gine, wanda ya shugabance ta daga 2002 zuwa 2007. Bayansa aka yi Farfesa M. S. Audu, Musbau Akanji, Abdullahi Bala, sai Faruk Adamu Kuta daga 2022.

Har yau jami'ar ƙafa biyu take da ita, ɗaya a Bosso ɗaya a Gidan Kwano. Da sassafe za ka ga ɗalibai sun yi layi suna jiran bas, wani da allon zane a hamata, wata da hular kwano a hannu, su bi ta unguwar Kpakungu cikin tankokin mai da tireloli. Wannan hanya ta ci lokacin ɗalibai da yawa, kuma makarantar da ke yaye injiniyoyin titi ba ta dace da irin wannan ƙofa ba. Ƙauyen da ke daura da ƙofar kuwa ya zama gari. Gonakin doya sun koma gidajen haya, ga masu abinci, ga shagunan buga takarda, ga masu gyaran waya, kana jin Gwaranci da Yarbanci da Hausa a teburin mai shayi ɗaya.

Abin da ya fi faranta mini rai cikin ayyukanta na baya-bayan nan shi ne cibiyar binciken gubar fumfuna a abinci, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa. Masara da gyaɗar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna mai lalata hanta, tana kuma sa a dawo da kayanmu daga kasuwannin waje. Ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka suna zuwa Minna yin digiri na biyu da na uku a kan wannan matsala, wadda ta shafi tuwon kowane gida a jihar.