Baba Tandja: Me Za Mu Gaya wa Yara?

Ina yaro a Bambeye lokacin da Mamadou Tandja yake mulkin jihar Tahoua, daga 1981 zuwa 1988. Soja ne da ya kai muƙamin kanar. Ya riƙe Maraɗi, ya yi ministan cikin gida sau biyu da jakadanci a Najeriya, kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa a 1999. Ya gina wa ƙauyuka azuzuwa da ɗakunan shan magani. Amma tazarcen 2009 ya jawo juyin mulkin Fabrairun 2010. Da ya rasu a Nuwamban 2020, ƙasa ta yi makokin kwana uku.

Malamai da iyaye, ni ɗalibaina duka nake gaya musu, hidimar da kuskuren. Yaron da aka ɓoye wa rabin tarihi, ran da ya gano ba zai ƙara yarda da mu ba. Allah ya jiƙan Baba Tandja.