Alhakin Raunin Doki: Daga Bargar Sarki Zuwa Makarantun Hawa a Abuja

Rubutacciyar shari'ar da ta fara tsara alhakin ɓarnar doki a ƙasar Hausa ita ce fiƙihun Malikiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya ɗora lamuni a kan mutum uku: mahayin dabba, mai jan ta, da mai kora ta. Duk abin da ta tattake tana hannun ɗayansu, shi zai biya. In kuwa doki na tsaye, ba wanda ya zungure shi ko ya tsorata shi, ya yi harbi don kansa, raunin ya tafi a banza. Tambayar alƙali dai ɗaya ce: linzami ko ragama a hannun wa take?

Hukuncin ya fi duba mai tafiya a ƙasa, wato yaron da aka banke a kasuwa ko ɗan kallo ranar hawan sallah. Mahayin da ya faɗi ba shi da wanda zai kai ƙara, domin hawa ba a makaranta ake koyonsa ba. A tsohuwar Abuja da Abu Ja ya kafa a 1828, wadda yau ake kira Suleja, kamar sauran masarautu, yaro a barga yake tashi. Ya yi yankan ciyawa, ya iya ɗaure majanyi da gyara likkafa, sannan a bar shi ya fita kilisa. In doki ya yi tutsu ya kayar da shi, sai a kira mai ɗori, magana ta ƙare a gida.

Turawa sun shigo da abu biyu. Na farko wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya runguma, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa. Na biyu dokar Ingila, wadda ta ce mai dabbar gida yana da alhaki idan ya san tana da mugun hali, ko ya yi sakaci wajen kula da ita. Ingila ta ci gaba da gyara nata: dokokin 1964 da 1970 sun wajabta wa makarantun hawa lasisi da inshora, ta 1971 kuma ta tsananta alhakin mai dabba, har kotu mafi girma a ƙasar ta kama masu dawakin da suka tsere suka haddasa haɗarin mota a shari'ar Mirvahedy ta 2003, alhali ba a same su da sakaci ba. Waɗannan dokoki ba sa aiki a Najeriya.

Sabuwar Abuja, wadda aka ƙirƙira a 1976 gwamnati ta tare a 1991, ta mai da hawa abin saye. A wurare irin filin folo na Guards da bargogi masu zaman kansu, wanda ke kan sirdi sau da yawa ɗan koyo ne da ya biya kuɗi, bai san halin dokin ba. Nan nauyi ya koma kan mai makaranta: ko ya ba sabon shiga doki mai gardama, ko majanyi ya kwance, ko an ba da hular kwano, ko malami na kusa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin huruminta aure ne da gado da makamantansu, don haka irin wannan ƙara da ma'aunin sakaci ake auna ta.

Takardar da ake sa hannu kafin hawa tana nuna mahayi ya yarda da haɗarin da ba a raba doki da shi, amma ba komai take wankewa ba. Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana sharaɗin da zai kuɓutar da mai sana'a daga mummunan sakaci. Yaran barga kuwa, waɗanda suka fi kowa shan harbi da cizo, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta shafe su, muddin an ɗauke su aiki.