Tufafin Ciki na Turawan Dā da Yadda A ke Zaɓensu

A Ingila da Amurka akwai mutanen da su ke yin shiga irin ta kakanninsu, don su nuna wa jama'a yadda aka yi zaman duniya a dā. Garin Williamsburg shi ne babban birnin Bajiniya daga 1699 zuwa 1780. A 1926 aka soma gyara gidajensa su koma yadda su ke a wancan zamani, ma'aikatan wurin kuwa suna yini cikin tufafin ƙarni na 18. A Ingila kuma akwai ƙungiyar Sealed Knot, wadda aka kafa a 1968, tana kwaikwayon yaƙin basasar da aka fara a 1642. Masu wannan aiki sun san rigar waje ba ta zama daidai a jiki sai da tufafin ciki na zamaninta.

Abin da ke taɓa fata shi ne taguwar lilin, watau yadin da a ke saƙawa da zaren wani tsiro mai kama da rama. Ta mata ta kan wuce gwiwa, ta maza kuwa a kan cusa ta cikin wando. Sarki da talaka duka sun sa ta, sai dai ta sarki ta fi laushi. Dalili kuwa shi ne rigunan ulu da na siliki suna da tsada, ba su kuma jure wanki. Lilin shi ke shanye zufa, a dafa shi a wanke, rigar waje ta daɗe. Saboda haka mai kwaikwayon da ya sa yadin roba a ciki ya kan sha zafi, ya kuma ɓata rigarsa.

Bisa taguwar nan mace ta kan ɗaura wata 'yar riga mai tauri, wadda a ke zargewa da igiya. A kan taurara ta da kara, ko da wani abu mai kama da ƙaho da a ke samu a bakin babbar dabbar teku da a ke kira wel. Matan talakawa su kan yi tasu da fata. Har yanzu akwai guda a Westminster Abbey, wadda aka ɗinka wa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya lokacin jana'izarta a 1603, maɗinka kuwa suna duba ta su kwaikwaya. A wancan zamani da zare a ke ɗinke bakin ramukan igiyar, in an ja da ƙarfi sai su yage. Sai wajen 1828 aka fara sa musu zoben ƙarfe, daga nan matse ƙugu ƙwarai ya yi sauƙi. Wanda ya sa zoben ƙarfe a rigar 1770 ya haɗa zamani biyu ke nan.

Haka kuma fatari. A ƙarni na 16 matan fada sun ɗauko daga Sifen wani fatari mai zobba na tsumagiya, wanda ke buɗa riga kamar mazurari a kife. A 1856 aka fito da mai zobban ƙarfe marasa nauyi, mata suka huta da jibga fatari bisa fatari. Amma ya zo da nasa haɗari, gama faɗinsa ya sa rigunan mata da yawa sun kama wuta a bakin murhu.

To, mai zaɓen tufafin nan sai ya fara sanin shekarar da za a nuna, sa'an nan matsayin mai tufafin da sana'arsa. Mai tatsar shanu ba ta sa fatarin fada ba, gama ba za ta iya zama gindin saniya da shi ba. In aka yi mata shigar da ba tata ba, yaran da suka zo kallo za su koma gida da zaton kakanninsu duka 'yan sarauta ne, a manta da talakawan da suka yi aikin.