Joseph Rainey: Ɗan Bawan da Ya Shiga Majalisar Wakilan Amurka

A ranar 12 ga Disamba, 1870, wani mai aski ya yi rantsuwar kama aiki a Majalisar Wakilan Amurka. Sunansa Joseph Rainey, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya samu kujera a wannan zaure.

An haife shi cikin bauta a 1832 a garin Georgetown na jihar Karolina ta Kudu. Mahaifinsa Edward mai aski ne, yana sana'arsa yana biyan ubangidansa murgu. Da ɗan abin da ya rage masa ya yi ta tari har ya fanshi kansa da iyalinsa. Joseph ya gaji askar mahaifinsa, ya yi aiki a birnin Charleston.

Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a 1861, 'yancin nan bai tsinana masa komai ba. Mayaƙan Kudu suka tilasta masa haƙa ramukan tsaro, suka kuma sa shi aiki a jirgin ruwa. A 1862 ya sulale da matarsa Susan zuwa tsibirin Bermuda. Can ya ci gaba da aski, ita kuma tana ɗinkin kayan mata, har aka gama yaƙi suka dawo gida a 1866.

Ya tarar an soke bauta, ƙofar siyasa ta buɗe wa baƙaƙe. Ya shiga jam'iyyar Republican, ya zauna cikin masu rubuta sabon tsarin mulkin jiharsa a 1868, daga nan sai Washington. A majalisa ya tsaya kai da fata kan dokar 1871 ta murƙushe 'yan ta'addan Ku Klux Klan, da dokar 1875 da ta hana wariya a otal-otal da jiragen ƙasa. A 1874 har kujerar shugaban majalisa ya hau ya jagoranci zama.

Sai dai ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Bayan gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu a 1877, aka koma razana baƙaƙe ana hana su jefa ƙuri'a. Rainey ya faɗi zaɓen 1878, ya rasu a garinsu a 1887.

Daga 1901 zuwa 1973 babu baƙar fata ko ɗaya da ya wakilci jihohin tsohuwar Kudu a majalisar. Tarihin Rainey ya nuna cewa 'yancin da doka ta bayar, in ba a tsare shi ba, ana iya ƙwace shi.